Evaristo Mai Ƙetare Shinge

Evaristo Duvergel yana ɗan shekara goma sha tara ya samu aikin walda a sansanin sojan ruwan Amurka da ke gaɓar Guantanamo a ƙasar Kuba. A lokacin ba wanda yake ganin aibin abin. Rabin mazan unguwarsu can suke aiki, har da yayansa Fermin, mai gasa wa sojoji burodi. Su fita da asuba, su dawo da la'asar sakaliya, uwarsu Onelia ta tare su da shinkafa da baƙin wake.

Bayan shekara huɗu 'yan juyin juya hali suka sauko daga duwatsu suka karɓe mulkin Kuba. Evaristo ma ya fita titi ya yi murna kamar kowa. Ba a jima ba zama ya yi tsami tsakanin sabon shugaba da Amurka. Mai Gemu, kamar yadda ake ce masa a cikin gida, yakan yi awa huɗu yana jawabi a rediyo, kuma da wuya ya gama bai taɓo zancen sansanin nan ba.

Daga nan zuwa aiki ya zama wahala. Kullum da safe sojojin Kuba su caje shi, ya taka hanya mai tsawo tsakanin shinge biyu, nakiyoyi binne dama da hagu, ya isa ƙofar Amurkawa su ma su caje shi. A gari ana ce masa bawan Amurka, a sansani ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Shi dai ya riƙe bakinsa, ya riƙe aikinsa.

A shekarar alif ɗari tara da sittin da huɗu rigima ta tashi, gwamnati ta toshe bututun da ke kai wa sansanin ruwa, Amurkawa kuma suka sallami ma'aikata da yawa. Evaristo yana cikin 'yan kaɗan da aka bari suna kai da kawowa. Fermin kuwa, wanda bakinsa ya sha jawo masa magana a gari, ya zaɓi ya zauna a cikin sansanin. Wanda ya yi haka, ba shi ba komawa gida.

"Ka gaya wa Mama kwana biyu ne," in ji Fermin a bayan ɗakin burodi. "Wannan gwamnati ba za ta kai baɗi ba."

"Yaya, kai ka san ba kwana biyu ba ne."

"To ka gaya mata hakan dai."

Ko guntun takarda ba a yarda a ƙetare da shi ba. Sai Evaristo ya zama wasiƙar da kansa. Da safe Onelia ta tsare shi a bakin ƙofa: ya ce wa Fermin ya rage shan taba, ya ce masa bishiyar mangwaro ta yi 'ya'ya, ya tambaye shi ko haƙorin nan ya daina ciwo. Da yamma ya kawo amsa. In Fermin ya yi shiru, Evaristo ya ƙirƙiro wata 'yar magana mai daɗi a hanya. Haka aka yi shekara goma sha huɗu.

Tun kafin rigimar ruwan ya yi aure, a cikin waɗannan shekaru kuma 'yarsa Odalys ta girma ta zama ta ɗaya a ajinsu. Ba ta da buri sai karatun likita. Amma kafin a ɗauki yaro a jami'a sai an ji ta bakin shugaban kwamitin unguwa, kuma shugaban kwamitinsu shi ne Rigoberto, tsohon mayaƙi da ya baro yatsu biyu a kan dutse. Gidansa na kallon nasu. Ba ranar da Evaristo zai dawo aiki bai ji muryarsa daga baranda ba.

"Maƙwabci, yaya iyayen gidan naka? Yau ma sun ba ka cingam?"

Wata rana Evaristo ya tarar da Odalys ta haɗa kai da gwiwa a bayan gida. Wata ƙawarta ce ta faɗa mata kada ta wahalar da kanta, ba a ba 'yar ma'aikacin sansani gurbin likita. Yarinyar ba ta ce wa ubanta komai ba, matarsa ce ta tsegunta masa.

Ya yi mako guda abinci ba ya shiga. In ya ajiye aiki, hanyar 'yarsa za ta buɗe. Amma ƙofar nan, wanda ya bar ta ba ya sake shiga. Shi ke nan ba shi ba ganin Fermin, kuma tsohuwa ba za ta ƙara jin ko ɗanta na raye ba. Ranar Lahadi ya sa farar rigarsa ya tsallaka titi. Ya samu Rigoberto yana ɓare rogo.

"Kwamared, na zo in gaya maka zan bar aikin."

Rigoberto bai ɗago ba. "Sun kore ka ne?"

"A'a. Saboda Odalys. Ba na so a rubuta cewa ubanta..."

"A rubuta? Wa zai rubuta?" Ya ajiye wuƙar. "Ai na riga na rubuta, yau kwana tara ke nan. Zauna, ka tsaya min a ka kamar ɗan sanda."

Evaristo ya zauna a bakin benci.

"Na ce yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ita ke koya wa tsofaffin layin nan karatu. Na ce ubanta yana yi wa abokan gaba aiki, don gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Na kuma ce shi ya gyara famfon asibitin unguwa da ƙofar makaranta ba wanda ya roƙe shi, kuma shekara ashirin ina sa masa ido ban kama shi da komai ba. Na ce in ba su ɗauke ta ba, ni da ƙafata zan je in ji dalili."

Evaristo ya sa hannu yana goge ido.

"Kada ka yi min kuka a baranda," in ji Rigoberto. "Kuma kada ka bar aikin nan. Tsohuwarku da saƙonka take rayuwa, kowa ya sani. Ni dai ra'ayina game da iyayen gidanka bai canza ba."

Evaristo ya tashi ya koma gida, ya ce wa matarsa ta zuba masa abinci. Ya ci kwano biyu, ya kwanta a kujera da takalmansa, bai farka ba sai da rana ta yi sanyi. Bayan wata biyu sunan Odalys ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka a jami'ar Santiago.

Shekara ta zagayo, gwamnatocin biyu suka ɗan sassauta, aka yarda waɗanda suka bar ƙasa su zo ganin dangi na mako guda. Amma ba ta ƙofar sansani ba. Fermin sai da ya bar aikin burodi, ya hau jirgi zuwa Amurka, ya yi wata bakwai yana neman takardu, ya sauka a Habana, babban birnin Kuba, sannan ya kwana a motar haya har gabas, duk don ya iso gidan da a da yake hango fitilun garinsa daga bayan shinge.

Evaristo ne ya tarbo shi a tasha. Da suka shigo layi Rigoberto na baranda. Ya dubi Fermin, ya dubi akwatunansa, ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku ya ce, "Sannu da hanya," ya shige ciki.

Onelia ta kai tamanin, idonta ya yi rauni. Tana zaune a kujerarta ta shafa fuskar Fermin tun daga goshi har haɓa.

"Ƙanenka ya ce min ka riga ka daina shan taba," ta ce.

Fermin ya waiwayi Evaristo. Evaristo ya ɗaga kai yana duban rufin ɗaki.

"Na kusa dainawa, Mama."

"Duk maƙaryata ne ku biyun. Ku wanke hannu, naman zai huce."

Evaristo ya ci gaba da ƙetare shingen nan har ya tsufa, sai dai tun da yayansa ya bar sansanin ya daina ɗaukar saƙo, don Fermin ya koma Amurka da zama, wasiƙunsa kuma suna isowa ta gidan waya, ko da sun yi wata uku a hanya. Odalys ce take karanta wa kakarta in ta zo hutu.