Malam Sani da sadakar gobarar daji

Muna cikin bas a Oxford Road, hayaƙin gobarar tsaunukan bayan gari har cikin hanci, sai maƙwabcina Malam Sani, mai digiri na uku, ya miƙo min wayarsa.

Wani ne a group ɗinmu na waya ya sa hoton gobara, yana tara wa 'yan kwana-kwana taimako, amma a asusun kansa. Malam Sani har zai tura daga kuɗin hayarsa.

Na ce, "Malam, ka san mutumin?"

"A'a, amma da sallama ya fara, har da aya."

"Dubi hoton, dogayen itatuwa ke ci. Tsaunin nan ciyawa ce zalla."

Ya ɓata rai. "Haba Yaya, ana bincike a sadaka? Ai niyya ce."

Mutumin da ba ya yarda da littafi sai ya duba madogararsa!

Da ƙyar na kai shi shafin ƙungiya mai rajista, ya bayar yana gunaguni.

A gaban 'yan group na tambayi mai asusun hannun wa kuɗin za su shiga. Nan take ya fice daga group ɗin. Ni kuma aka ce na kunyata bawan Allah.

Jama'a, yaushe tambaya ta fara rage lada?