Ɗorawar Saude da Jemagun Rimi

A ƙauyukan Roni, duk matar da ta san miya ta san daddawar Saude. Da kalwar ɗorawar gonarsu take yin ta, itacen da ta gada daga mahaifiyarta. Ba ta taɓa sayen kalwa a kasuwa ba, kuma ba ta gajiya da faɗar haka, ko an tambaye ta ko ba a tambaya ba.

A da, idan ɗorawar ta yi fure da rani, jemagu ne ke tasowa daga tsohon rimin bakin kasuwa da magariba, su rufe ta, suna ta cusa kai cikin furen. Tun tana budurwa Saude ta tsane su. Ta zuba tsakuwa a gwangwani, ta rataye a reshe, tana jan igiya tana korarsu. Mahaifiyarta ta sha gaya mata ta ƙyale su, ai shekarar da suka yi yawa ita ce shekarar kalwa. Saude ta ɗauka zancen tsofaffi ne.

Da aka zo faɗaɗa hanya, aka sare rimin. Jemagu suka watse, har Saude ta yi murna. Ɗorawa dai ba ta fasa fure ba, jajaye gwanin sha'awa, amma sai su zube ƙasa, abin da take haifarwa ba ya cika ƙwarya. Awakin da ke cin ɓawon suka daina zuwa, yaran da ke roƙon garin ɗorawa ma haka. Kewar wannan hayaniya ta dami Saude fiye da rashin cinikin.

Bana ɗanta Halliru ya ce inuwar na cinye masa gero a banza, ya yi magana da masu itace.

"Inna, itacen da ba ya haihuwa me za a yi da shi?"

"Ba laifinta ba ne," in ji Saude. "Baƙinta ne suka daina zuwa. Ka ba ni furen bana kawai."

Ya yarda, da sharaɗin in ba ta yi 'ya'ya ba, gatari ne.

Yanzu kullum kafin magariba Saude na gindin ɗorawa, idonta a wajen da rimin yake a da. Tsohon gwangwanin ya daɗe a reshe, duk tsatsa, ya fi ƙarfin hannunta. Jiya ta sa an sauko mata da shi, ta zubar da tsakuwar, kada iska ta kaɗa shi wani jemage ya zo ya tsorata ya koma.