Yadda Motar da Babu Direba Ta Ci Mini Kifi

Wannan tafiya ta faru ne a shekarar da tafki ya cika har ya cinye rumfunan masu bandar kifi a Makango. Sana'ata ke nan, kifi: in saya a Makango, in ba Massa Fuseini direba, ya kai wa ƙanwata Hawa a kasuwar Bawku. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ban taɓa bin kayana ba.

Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ce ta haɗa ni da wani saurayi daga Accra, Kwabena. Kamfaninsu ya aiko shi ya tambayi mutanen birane yadda suke tafiye-tafiye yanzu, da ko za su yarda su shiga mota mai tuƙa kanta. Yana neman tafinta mai jin Hausa da Dagbanci. Na yarda. Na ɗaure kwando uku na bar wa Fuseini a tashar garinmu Salaga, za mu haɗu a Bawku.

Salaga zuwa Yendi

Muna idar da asuba muka shiga motar Bimbilla. Damina ce, hanya duk taɓo. Sau biyu muka sauka muka tura. Na kalli Kwabena, laka har gwiwa, na ce masa, "To, motar taku wa take cewa ya sauka ya tura?" Ya yi dariya ya ce wannan ba ya cikin tambayoyin. A Bimbilla muka sha koko da ƙosai, muka sake mota, sai Yendi bayan azahar.

A ƙofar tasha na riƙe hannunsa. Na ce, "Ɗana, nan ba gida ba ne. Mu sayi goro mu fara gaida ciyaman ɗin direbobi, mu faɗa masa abin da ya kawo mu. Ba a shiga tasha da magana sai ta bakinsa."

"Baba Seidu, ina da takardar izini daga ofis. Babu lokaci."

Na faɗa sau uku. Ya wuce ni, ya kunna wayarsa babba, ya miƙa mini in nuna wa fasinjoji. Ga mota tana gudu, sitiyari yana juya kansa, kujerar direba babu kowa.

Wata tsohuwa mai doya ta ce, "La ilaha! In lokacin salla ya yi, wa zan ce wa ya tsaya?"

Wani ya ce, "Ni saƙon magani nake aika wa uwata. Hannun wa zan damƙa?"

Na fassara duka. Kwabena ya ce amsa uku kawai ake karɓa: i, a'a, ko ban sani ba. Ya danna wa tsohuwar "ban sani ba". Matar da ta fi mu duka sanin abin da take faɗi!

Muna cikin haka wani direba mai jan tawul a wuya ya tsaya a gabana. "Alhaji, kai ne dillalinsu? Yaushe za ku zo ku kore mu?" Kafin in buɗe baki ya ɗauke ni hoto, wayar tana hannuna. Aka fitar da mu daga tashar, ba duka, amma ba mutunci. Muka kwana a zango, unguwar baƙi, gidan wani mahauci, ya ba mu tuwo da miyar ayoyo. Allah ya saka masa.

Yendi zuwa Bawku

Washegari babu motar da ke da wuri. Ina ganin kujeru a fili, ana ce mana ta cika. Sai a bakin gari wata motar gawayi ta ɗauke mu zuwa Tamale, muka sauka kamar maƙera. Daga nan muka samu babbar bas. A Walewale na sauka sayen ruwa, wani ɗan kamasho da ban taɓa gani ba ya ce, "Sannu, mai mota babu direba." Ashe hotona ya riga ni, yana yawo a wayoyin direbobi. Muka wuce Bolga, aka duba katinmu na shaida a shingen Zebilla, muka shiga Bawku da la'asar sakaliya.

Na tarar da Fuseini yana wanke gilashin motarsa. Na yi sallama, ya amsa bai juyo ba.

"Massa, ina kwandunana?"

"Suna Salaga."

"Salaga! A wannan ruwan?"

"Suna jiran motarku. Ai ita ba ta gajiya."

Na rantse masa tafinta kawai nake, kuma Kwabena ma ya ce motocin ba yanzu ba, wataƙila sai jikokinmu. Fuseini ya matse tsummansa ya ce, "Da tambaya ce kawai, da kun gaida ciyaman. Mai gaskiya ba ya shiga ta taga." Maganar da na faɗa wa yaron a Yendi ke nan.

Kwabena ya ba ni haƙuri, ya biya ni hakkina cif. Ya ce aiki ya yi kyau, an samu adadin da ake so. Adadi! Su waɗanda suka aiko shi, akwai wanda ya taɓa tura mota a hanyar Bimbilla? Su kuma direbobi, shekara goma sha ɗaya ba ta kai nauyin hoto ɗaya ba?

Komawa gida

Na biyo ta Tamale na iso Salaga lafiya, alhamdu lillahi. Kwandunan suna inda na bar su, ruwa ya doke su, tsutsa ta gama aikinta. Na kai wa ciyaman ɗin tasharmu goro na yi bayani, ya yarda a ci gaba da ɗaukar kayana, amma sai ina cikin motar.

Abin da na rasa: kifi kwando uku, masu sayen Hawa biyu da suka koma wani wuri, farar rigata da gawayi ya ɓata, da Fuseini. Yana amsa sallamata har yau, don addini ya ce a amsa.