Daddawar Inna a Ƙofar Kware

Shekarar da hannun Inna ya fara rawa, ta dage sai ta yi daddawa da kanta. Ni na dafa kalwar, ni na wanke, amma da aka zo daka da mulmulawa sai ta kore ni. Da ta bushe ta jera ta a ƙwarya, ta ɗaure da tsumma, ta ce in kai wa yayata a birnin Sakkwato. Saƙon guda ne: in tsaya in ga Yaya ta sa a baki, in dawo in faɗa mata yadda ta yi. Daga ni har Inna mun san ba za ta ƙara yin wata ba.

Rabona da Yaya tun ina goyon ɗana na fari, ga shi lokacin har ya fara riƙe fartanya. Wani falke mai sayar da tufafi ne ya aure ta ya kai ta Ƙofar Kware, tana cikin kulle, ni kuwa ina ƙauye ina fama da shinkafar fadama. Na bi ayarin mutanen garinmu masu kai hatsi kasuwa, muka shiga ganuwa da hantsi.

Ba zan ci amanarta ba, ta rungume ni har da hawaye. Amma hawayen bai bushe ba ta fara koya mini zaman birni. Kada in yi dariya haƙora a waje. Kada in gai da mutum da ƙarfi kamar ina korar tsuntsaye a gona. Abin da ta fi ja mini kunne a kai shi ne katanga. Wai akwai wasu mata marasa kamun kai a unguwar, masu kifa turmi su hau su yi hira da maƙwabta ta sama, ita kuwa tun da ta zo ƙafarta ba ta taɓa turmi ba. Na dube ta kawai. Ita ce fa ta koya mini hawan ɗorawa.

Na kwance ƙwarya, warin daddawa ya danne turaren wutar ɗakin. Na ga maƙogwaron Yaya ya motsa. Sai dai akwai wata tsohuwar dillaliya zaune a bakin ƙofa, irin masu shiga gida-gida da kaya su fito da labari, don haka Yaya ta toshe hanci da gefen mayafi. Ta ce Allah sarki Inna, har yanzu tana zaton ana cin irin wannan a birni, su nan ai miyarsu nama ce da man shanu.

Al'adar unguwar ita ce in baƙo ya kawo tsaraba a raba wa maƙwabta. Masu hankali kan ɗebi kaɗan su raba, su ɓoye saura. Yaya kuwa so take a san gidanta ya fi ƙarfin daddawa. Ta zauna tana kasafi kamar mai rabon gado: matar liman babban tuli, matar marini madaidaici, maƙwabciyar bayan katanga da suka yi faɗa kan kaza ita ma a kai mata, don ta ji haushi. Dillaliya ta kwashe tas, ƙwarya ta dawo babu komai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban iya yi wa Inna ƙarya ba, gaskiyar kuma ba ta faɗuwa.

Abin da Yaya ta manta shi ne al'adar ba a nan ta tsaya ba. Duk gidan da ya karɓi tsaraba sai ya aiko wa baƙuwa abinci. Washegari da la'asar akusa suka fara shigowa, wannan tuwon dawa, wancan na shinkafa, kowanne da miyar da ta ji daddawar Inna. Ashe matan birnin ba su sami labarin cewa an daina cinta ba.

Yaya ta ce ita ba ci za ta yi ba, ɗanɗanawa ce kawai don ta san wadda ta iya girki a unguwar. Matar liman ta cika gishiri, amma sai da Yaya ta kai ƙasan akushi kafin ta tabbatar. Matar marini ta bar kuka ta yi gudaji, shi ma wannan hukuncin bai fito ba sai da aka suɗe. Ni baƙuwar da aka aiko wa, lomar da na samu ba ta taka kara ta karya ba. A akushin ƙarshe ta tsaya, yatsa a baki.

"Ba su iya ba, auta," in ji ta. "In kin koma ki ce ma Inna baɗi ta aiko min tawa daban, wadda ba ni rabawa."

"Babu ta baɗi, Yaya. Hannunta ya ƙi. Wagga ta ƙarshe ta, kuma don ke tay yi ta."

Yaya ta cire yatsa daga baki. Ta jawo ƙwaryar ta leƙa, ta shinshina. Ta tambaya ina dillaliya don ta aike ta, na ce ta tafi, sai gobe. Kafin gobe kuwa abin da ya rage a gidaje zai iya ƙarewa a tukunya.

Sai ta tashi ta mirgino turmi har gindin katanga, ta kifa shi, ta tattare zane ta hau. Ba ta ko yi tangaɗi ba. Ta kira matar nan ta faɗan kaza.

"Maƙwabciya, daudawad da anka kawo maki jiya, in da saura ki taimaka ki maido min. Ko guda. Ta innata ta."

Matar ba ta yi mata gori ba, ta miƙo mata ƙwaya ɗaya ta saman katanga. Yaya ba ta jira tukunya ba. Nan kan turmin ta gutsura ta sa a baki, ɗanya, tana tauna tana kuka, duk wanda ya ɗaga kai a unguwar yana ganinta.

Haka na faɗa wa Inna, ban rage komai ba. Ta sa na maimaita mata wajen turmin, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta share ido da hannun nan mai rawa, ta ce to, ashe yarinyarta tana nan.