Ruwan Maƙwabta a Firigona

Ƙarar murfin firigo ce ta fara komai. 'Yar ƙara ce, ɓut, idan robar murfin ta kama bakinsa, ni har na daina jin ta saboda sabo. Maigidana tela ne, shagonsa na jikin zauren gidanmu a Agiye, kuma ba ya wuni cikin gida da rana. Sai ga zazzaɓi ya kwantar da shi a farkon bazara, ya wuni a ɗakina, inda firigon yake bayan ƙofa.

Da la'asar na kai masa kunu, ya dube ni ya ce, "Wai ke, wanga abu kullum haka yake wuni?"

"Wane abu, Malam?"

"Murfin nan mana. Da barci ya fara ɗaukata sai in ji ɓut. In duk ciniki ne wannan, ai bana sai Makka."

Na yi dariya, shi ma ya yi, amma dariyarsa ba ta daɗe ba. Ya ga yaran da ke shigowa, ya kuma ga yawancinsu gora ce a hannunsu, babu kuɗi.

Sana'ata kunun aya da zoɓo da ƙanƙara a leda. Tumakin da na yi shekaru ina kiwo na sayar na sayi firigon, irin mai murfi a sama, kuma a layinmu babu mai shi sai ni. Tun makon farko maƙwabta suka fara aiko yara da ruwa: a sa mini ya yi sanyi. Mai jego ta aiko, mai azumin nafila ya aiko, wadda ta yi baƙi ta aiko da gudu. Akwai wata tsohuwa da katanga ce kawai ta raba mu, kowa Iya yake ce mata. In zafi ya yi zafi abinci ba ya wuce mata sai da ruwan sanyi, don haka jikanyarta, wata 'yar siririya da ba ta isa shiga lakol, makarantar boko, ba, ke kawo koren jug ɗinta da hantsi ta dawo ɗauka da azahar. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin kyauta ba. A ganina sanyin yana nan cikin akwatin ko an sa ruwa ko ba a sa ba, to me na bayar?

Kwantar ɗaya ce ke ƙirga wutar gidan da ta shago. A shagon akwai keken ɗinki na kuran, mai aiki da wuta, akwai dutsen guga, akwai fanka, ni kuma ga firigona. Watanni faktir, takardar kuɗin wuta, na zuwa da nauyi, Malam yana karɓa ya ninke ya sa aljihu yana ƙorafin tsadar zamani. Bayan wannan zazzaɓi sai ƙorafin ya samu inda zai zauna.

Ranar da ya koma shago ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, bai kalle ni ba. Ya ce ɗinki ya ja baya, ya ce ba zai iya ciyar da yara ya ciyar da firigo ba. In ruwa ya zauna faktir bai sauka ba, sai dai a nemi mai saye. Ba mutum ne mai tsanani ba, na san sai da ya sha juya maganar kafin ya faɗa. Ni kuma na san abin da firigon yake a wurina. Da shi nake sayen sabulu da takalman yara, da shi nake kai gudummawar biki ba tare da na tsaya a gaban kowa ina murza hannu ba.

Na aika aka kira mai gyaran firigo. Ya zo a kan moto, ya shiga ɗakin da izinin Malam, yana ganin firigon ya riƙe baki.

"Hajiya, amarya ce wannan ko inji?"

Da ma na lulluɓe shi da leshi mai fure har ƙasa, na jera kwanonin tangaran a gefen murfin, na kuma manna shi da bango don kada ya ci wuri. Ya ce in taɓa jikin firigon. Na taɓa, zafi rau kamar goshin mai masassara. Ya ce ta nan yake numfashi, ni kuma na toshe masa hanci. A cire leshi, a janye shi daga bango, in da hali a fitar da shi rumfa inda iska ke wucewa. Wannan na gane. Sai ya ci gaba. Kada in sa zoɓo da ɗuminsa. Kada in yi ta buɗewa. Kada in sa ruwa mai ɗumi. Amma kuma kada in bar shi rabi, domin cikakken firigo ya fi riƙe sanyi, musamman da ake yawan ɗauke wuta.

Na ce, "To da me zan cika shi? A bazarar nan wane ruwa ne ba ɗumi gare shi ba?"

Ya ce, "A hankali dai, Hajiya." Ya karɓi kunun aya ya sha, ya hau motonsa.

Har yau ban san amsar ba. Gorunan maƙwabta su ke cika mini firigo, su ne kuma masu ɗumin. Ko taimakona suke yi, ko cutata, ko duka biyun a lokuta daban, ban iya rabewa ba.

Malam kuma nasa ganin daban. Ya ce a riƙa kashe firigon da safe, a kunna da yamma. Na gwada. Ranar kunun aya ya yi tsami kafin la'asar, na zubar da bokiti guda ina istigfari. Da na aika wa mai gyaran da labari, sai ya aiko cewa kashewa da kunnawar nan ta fi cin wuta, domin injin sai ya yi ta gudu ya kamo sanyin da ya tsere. Malam ya ce ai dole ya faɗi haka, wa ya taɓa ganin abin da aka kashe yana ci?

Ƙanwar Malam ta zo daga Gazawa ranar kasuwa, ta kawo mini aya, ta tarar da firigo tsirara a rumfa.

"A'a, matarmu! An saki uwar ɗakin taki ne aka fiddo ta waje?"

Na ba ta labari. Ta ce ita ba ta ga laifin murfi ba, baki ne. Kowa ya shigo ya ga ledoji sun cika ya ce kai, kai, babu mai cewa tubarkalla. Sannan ta rage murya ta nuna zaure da haɓa. "Kuma shi yayan nawa, dutsen gugar nan da yake bari a kunne yana hira da abokai, ruwan rijiya yake sha?"

Wannan ya shiga raina. Na tuna kuma abin da aka koya mana a kolej, cewa iska mai sanyi nauyi gare ta, ƙasa take zama. In haka ne, buɗe murfin sama ba zai zubar da ita ba, kamar yadda buɗe randa ba ya zubar da ruwa. Amma na bar lakol da daɗewa, ban tabbata na tuna daidai ba. Nakan je in tsaya gaban kwantar in ga lambobi suna tafiya, ba ta ce wannan na firigo ne wannan na guga ne. Ban iya buɗe baki na ce wa Malam dutsensa ne ba, alhali ban sani ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Shi ke biyan faktir. To sanyin da na yi ta rabawa, nawa ne ko nasa? In nasa ne, na yi ta sadaka da abin wani ba da saninsa ba ke nan. Na tambayi malamarmu ta islamiyya bayan an tashi. Ta ce shayar da ruwa lada ne babba, kada in raina shi. Ta kuma ce dukiyar miji amana ce, in nemi yardarsa. Na dawo gida da amsa biyu, kowace daidai, kuma ban san wadda zan ɗora a kan wadda ba.

Na nemi yardar tasa. Ya ce shi bai hana kowa ruwa ba, Allah ya kiyaye. Amma a buɗe da sassafe, a buɗe da la'asar, masu saye da masu ajiya duk su zo lokacin. Ya kawo ɗan kwaɗo daga shago ya sa, ya ba ni makullin. Ya ce, "Na san ki. In ba wannan, kuka ɗaya yaro zai yi ki buɗe." Na yi masa alkawari.

Washegari da hantsi jikanyar Iya ta shigo da koren jug, ta tsaya inda ta saba tsayawa. Tanti suke ce mini, yaran layin.

"Tanti, in ji Kaka."

Makullin na ɗaure a bakin zanena. Na dubi jug ɗin, na dubi zaure inda keken Malam ke ta ƙara. Na ce mata yanzu ba a buɗewa, ta je ta dawo da la'asar, ko gobe ta zo da sassafe. Na so in yi mata bayani, amma me zan ce wa yarinya ƙarama a kan faktir? Ta kalli kwaɗon, ta kalle ni, ta juya da jug ɗinta a ƙirji. Ruwan na ta fallatsa mata a riga.

Ba ta dawo da la'asar ba, ba ta zo da sassafe ba. Cikin 'yan kwanaki sauran ma suka ɗauke ƙafa, har waɗanda na aika wa cewa su kawo da safe. Masu saye suna zuwa, su miƙa kuɗi su karɓa su tafi. Babu wadda ta canza mini fuska. A gidan suna muka haɗu da matan layin, aka gaisa lafiya lau, aka tambayi yara. Da ma wata ta yi mini gori da na samu abin amsawa. In na idar da sallar azahar nakan ji tarin Iya ta bayan katanga, in zauna a kan darduma in kasa tashi. Na yi biyayya, na riƙe amana, to me ya sa nake jin kamar na ɗauki abin wani?

Da ruwa ya zauna faktir ya zo, ya sauka. Malam ya shigo da shi da fara'a, ya ce, "Kin gani? Murfin ne." Ya ce maganar sayarwa ta wuce. Na yi hamdala da gaske, har ƙwalla ta zo mini. Amma a watan nan gari ya yi sanyi, fanka ta huta. An yi ta ɗauke wuta saboda hadari. Firigo ya bar jikin bango, ya rabu da leshi. Kuma na lura, ko da bai faɗa mini ba, Malam ya koma guga da dutsen gawayi, don na ga yana ɗibar garwashi a murhuna. A cikin waɗannan duka wanne ne ya sauke faktir? Ya ce murfi, ƙanwarsa ta ce addu'a, mai gyara ya ce iska. Ni na ce Allah ne masani, kuma da gaske nake, domin ban sani ba.

Firigona ya tsira, ban kuma san ko da ruwan Iya na saye shi ba, ko a banza na hana ta.

A ranar da faktir ya zo, da na buɗe firigon da la'asar, na ɗauki ƙanƙara biyu daga cikin ta sayarwa, wadda na tabbata tawa ce, na naɗe a tsumma na sa hijabi na zaga gidansu. Ina tafiya ina shirya abin da zan ce, ko in ba da haƙuri, ko in yi bayani, ko in ajiye kawai in gaishe ta. Iya na cikin ɗaki tana salla. Jikanyar ce a tsakar gida tana wasa da gwangwani, ta taso da gudu ta karɓi ƙullin, ta manna shi a kumatu tana dariya. Sai ta ɗago ta dube ni da damuwa sosai a fuskarta.

"Tanti, Kaka ta ce wa kowa a daina kai ruwa, wai firigonku ne ba shi da lafiya, kada mu dame shi. Ya ji sauƙi?"