Sefar Marwa Ba Ta Sayen Iri

Takardu uku na dawo da su daga Marwa, kowace jika goma, wato sefa dubu goma, ɗinke cikin ƙugun wandona. Wata bakwai na yi a can ƙasar Kamaru ina dakon buhunan albasa, a shekara ta biyu ta fari, lokacin da rumbunanmu na Guna suka zama wurin kwanan kaji, kafin kajin ma mu cinye su. Na bar Inna tsohuwa, da matata, da yara uku. Na bar gonar babana, wadda tun da aka sare ta ba ta taɓa ganin damina babu shuka ba. Saboda ita na taso da wuri. An aiko mini cewa sun fasa tulun da muka liƙe, sun cinye irin har ƙwayar ƙarshe. To ko in iso da abin sayen iri kafin ruwan farko, ko gonar ta zama saura.

Mu biyar muka taso, duk mutanen yankinmu, kuma ni kaɗai na taɓa shiga lakwal, makarantar boko. Shekara biyar na yi, na faɗi jarrabawa, babana ya ce ya isa, ga fartanya. Hanya ta Najeriya take bi. A bakin iyaka ta farko abokan tafiyata suka durƙusa gaban 'yan canji, suka mai da sefar Kamaru naira. A iyaka ta biyu suka sake durƙusawa, suka mai da nairar sefarmu. Kowane hannu kuɗin ya bi sai ya gutsura. Ni ko tun a Marwa na kai tarkacen kuɗina wurin wani mai kanti ya haɗa mini su manyan takardu, na ɗinke, na bar 'yan nairorin mota kawai. Na gaya musu su wawaye ne. Na ce abin da aka rubuta da Faransanci a takardar Kamaru shi ne aka rubuta a tamu, jika goma jika goma ce, kuma mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana cewa kuɗinmu da nasu uwa ɗaya ta haife su. Mushe bai yi ƙarya ba. Rabin maganar ya gaya mana, sauran rabin a ajin gaba ake faɗa, ajin da ban shiga ba.

Akwai wani dattijo a cikinmu, mai gona kusa da tamu. Yana ƙulle nasa kuɗin a bakin rawani ya ce, "Ɗan lakwal, a kasuwa ba a karanta kuɗi. Kallonsa ake yi." Na yi masa dariya. Shi ma ban yafe masa ba, don ya sani, da ya kama rigata ya girgiza ni, ba ya jefa mini karin magana ya wuce ba.

Ranar Laraba muka shiga Guna, da la'asar hadari ya haɗo, aka zuba ruwa irin wanda muka manta kamanninsa. Yara suka fita tsirara suna ihu. Inna ba ta fita ba. Da ruwan ya ɗauke, ta tura yatsa cikin ƙasar tsakar gida har gindinsa, ta ce mini danshin nan kwana uku gare shi, in ya yi yawa huɗu, kuma a garin babu mai tiya ɗaya ta aro. Na bugi ƙuguna na ce ta kwantar da hankalinta, gobe Alhamis ce, kasuwar Damagaram na ci, kafin magariba iri yana gida.

Da sassafe na bi wata motar itace. A kasuwar Dole na zaɓi gero mai kyau, na cusa hannu har gwiwa, na tauna, muka yi ciniki, sannan na juya baya na farke ɗinkin. Mai hatsin ya karɓi takardar ya juya ta, ya ɗaga ta sama, ya kira maƙwabcinsa ya tambaye shi wannan hoton wane ne. Na fara yi musu bayanin uwa ɗaya. Ya miƙo mini ita da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ya juye geron cikin buhunsa. Rumfa shida na shiga. A ta shida aka ce in je banki.

Na san wanda ke banki. Ɗan kawuna ne, taubashina, tare muka shiga lakwal, benci ɗaya, ni nake yi masa lissafi. Shi ya ci jarrabawa. Ga shi zaune bayan ƙarafa da farar riga, fanka na kaɗa masa iska, ni kuma na shiga da ƙurar ƙasa uku a ƙafata. Na bi layi har rana ta ɗaga. Da na iso na tura takardun ta ƙarƙashin ƙarfen, ya dube su, ya dube ni, sai ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Jama'a ku ga bawana. An aike shi neman abinci, ya dawo mana da hoton shugaban wasu."

Aka yi dariya, har mai gadi. Wasan taubasai ne, na sani, kowa ya sani. Ɗan namiji yana da ikon ce wa ɗan mace bawa ko a gaban alƙali ne, kai kuma sai ka mayar masa da wadda ta fi ta zafi, a tashi ana tafawa. Amma wasa da cikakken ciki ake yin sa. Ni tun jiya kunun dusa ne a cikina. Sai ya ce za a canja, amma banki zai cire dala shida, sefa talatin ke nan, a kowace jika, da kuɗin tambur, duka ya kama jika ɗaya. Ya ƙara da cewa, "Kawo, bawa, in 'yanta ka."

Jika ɗaya. Dakon sati guda ke nan, daga asuba zuwa magariba, albasa na ruɓewa tana tsiyaya a wuyanka. Don me? Don mutum ya ɗauki takarda daga hannun dama ya sa a aljihun tebur ya fiddo wata da hannun hagu. Na ce masa ɓarawon da ke zaune ƙarƙashin fanka ya fi na daji, don na daji yana shan rana. Ban faɗa da muryar wasa ba. Na ja takarduna na fita. Na ji yana kira daga baya wai in dawo wasa ne. Ban juya ba.

Akwai 'yan canji a bakin tasha, zaune kan tabarmi da jakunkunansu. Su ma sun ji ƙamshin ruwan jiya, sun kuma ga ƙafata, sun san abin da ya kawo ni. Goma ta koma bakwai, in ji na farko. Na biyu ya ce bakwai da rabi, don Allah da Annabi. Da ƙananan takardu gare ni da na canja ɗaya na sayi iri, in ji haushi kaɗan in wuce. Amma ƙaramar takardata jika goma ce, ni na haɗa su da hannuna don wayo. Na zage su, suka zage ni, na kwana a zauren wani mutumin garinmu a Zango.

Juma'a da safe na sake zaga su, farashin bai motsa ba. Bayan an sauko masallaci na haɗiye zuciyata na koma banki. Ƙofa a rufe. Mai gadin nan da ya yi mini dariya ya ce masu canjin kuɗin waje sun tashi, sai Litinin. Na san gidan ɗan kawun nawa, tafiyar da ba ta kai shan taba ɗaya ba. Mutane suna ce mini da na je. To shi bai san hanyar Guna ba ne? Bai san an yi ruwa ba? Goggonsa ce ke zaune tana jiran iri. Yana da babur. Tiya biyar a bayan babur ba ta karya shi.

Ranar Asabar wani mai shayi ya ce mini akwai wani mutumin Cadi a Sabon Gari, Kirista, mai aikin katako, yana neman irin kuɗin nan don shi ake ci a ƙasarsu, yana aika wa iyayensa. Na je, matarsa ta ce ya tafi Mirriya ɗora rufi, sai dare. Lahadi na same shi ya riga ya shiga majami'a. Na zauna a gindin wata bishiyar bedi ina jin gangarsu da waƙarsu, waƙa ta ƙare wata ta tashi, mai wa'azi ya kama kamar ba zai saki ba. Ina zaune ina tona ƙasa da babban yatsan ƙafata. Da safe ina taɓa sanyi. Kafin su fito sai na tona har idon sawu.

Mutumin bai ja ni da magana ba. Ya kai ni gidansa, matarsa ta kawo ruwa da shinkafa, na ci kamar mara kunya. Ya ƙirga mini jika talatin cif, ko tamma bai cire ba, ya ce shi ma gudun cizon banki yake yi, Allah ne ya haɗa mu. Sai ya tambaye ni yaushe aka yi ruwa a wajenmu. Na ce Laraba. Ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ɗan'uwa, da ni ne da na ba su jikar." Ban nemi shawararsa ba. Ya yi mini alheri, ban musa ba, amma shekarun da ya ƙara a garin nan in na hango shi sai in canja hanya.

A kasuwa geron ya tashi tun ranar Alhamis. Abin da na biya a kan ƙarin, na iri da na ci, ya fi jikar banki. Na lissafa, ai na iya lissafi.

Litinin da asuba muka shiga gona, ni da sungumi a gaba, matata da yara a baya. Gonar dattijon nan har ta fara tsaga ƙasa, layi-layi kore. Inna ta biyo mu da sanda, ta tsuguna ta sa hannu a ramin farko, ta daɗe. Ta ce ƙasar nan ba ta jiƙe ba, ba ta kuma bushe ba, ita ce mugunta. Da busassa ce ƙaƙas da binne ne, iri ya kwanta ya jira ruwa. Wannan za ta tada shi ne ta kashe. Ta ce mu haƙura mu jira ruwa na biyu. Na ce ban yi wata bakwai ina dako don in zauna ina kallon sama ba. Muka shuka duka.

Irin ya kumbura, ya fid da farin zare, ya mutu a ciki. Ruwa na biyu sai bayan kwana goma sha tara. Na sake sayen iri, muka sake shukawa, ya fito da kyau, ya tashi, yana cikin ɗaukar ciki sama ta rufe ba ta sake buɗewa ba. Waɗanda suka shuka ranar Alhamis ɗin nan geronsu ya riga ya zuba ido, suka yanki abin da za su kai rani da shi da ƙyar. Mu dami biyu muka ɗaure, da kara.

Da rani ya tsananta babu abin sayarwa sai gonar. A dangi duka mutum ɗaya ke da kuɗi a hannu, mai albashi. Inna ta ce gara ɗan ɗan'uwanta da bare. Ya zo kan baburinsa, ya tsuguna ya gaida ta, ya ƙirga sababbin takardu a kan tabarma, irin namu, waɗanda kowa ya san hotonsu. Ya ƙara wani abu a kan abin da dattawa suka yanka. Rannan bai ce mini bawa ba, yaya ya ce mini, ni da wata biyu kacal na girme shi. Wannan ta fi mini zafi.

Yanzu a Damagaram nake, ina gadin wani sito. Ban sake taka banki ba, in na samu abin ajiya akuya nake saya. Duk shekara ranar cika-ciki yana aiko mini da kuɗin shara kamar yadda ake yi tsakanin taubasai, ina mayar masa. Matata tana tsammani ban san tana bin bayan mai kawowa ta karɓe ba. In ruwan farko ya sauka, kafin gari ya waye motarsa ta wuce ta gaban siton ta nufi Guna, da buhun iri da 'yan ƙwadago a baya. Bai taɓa barin gonar babana ta kai kwana na biyu ba a shuka ta ba.