Awon Gona a Fadamar Auyo

Ina koyar da kimiyya a Haɗeja lokacin da na sayi tsohon madubin hangen nesa. Burina ɗaya ne: in ɗauki bidiyon tauraron ɗan'adam yana giftawa ta gaban Mushtari, babban tauraron nan mai haske. Kamar ƙiftawar ido yake wucewa, kuma sai a wani siririn wuri ake ganinsa. A wata kaka lissafi ya nuna mini wurin: wani tudu a tsakiyar gonakin shinkafa, gefen Auyo.

Ruwa bai gama janyewa ba, sai da mai kwalekwale ya kutsa da ni ta cikin ciyawar kacalla. Na yi magariba a tudun, na kafa madubin a kan ƙafafunsa uku, na ɗaura waya a bakinsa. Ina cikin saiti na ji motsi a bayana.

Manoma ne, sun kewaye ni, wasu da lauje, wasu da gora. Wani dattijo mai furfura ya matso.

"Malam, wa ya aiko ka awon gonarmu?"

"Baba, sama nake kallo."

"Waɗanda suka zo bara ma da mai ƙafa ukun suka zo. Yanzu rabin fadamar can ba tamu ba ce."

Wani ƙaƙƙarfa ya kama ƙafar madubin, ya ce a jefa shi kogi. Babu kowa nawa a wurin, mai kwalekwalen ma ya ja baya. Ga lokaci ya matso, har na hango ɗigon hasken tauraron ɗan'adam ɗin ya taso daga yamma.

Na cire wayar daga bakin madubin.

"Baba, sa idonka nan. In ka ga gona, ku jefa shi."

Ya daɗe yana dubana kafin ya sunkuya. Can ya zabura.

"Subhanallahi! Wani abu ya gifta ta kan tauraron nan!"

Wayar tana hannuna, ba ta ɗauki komai ba, ni ma ban gani a madubin ba. Na zauna a ƙasa.

Dattijon ya sa aka saki madubin. Suka yi layi suna leƙawa, kowa na tambayar ina abin ya tafi. Shi da kansa ya raka ni bakin ruwa, yana ta kwatanta mini yadda ya wuce, wai fari ne tas, kamar da fukafukai. Na sa ya maimaita mini har kwalekwale ya iso.